Tabitha da Katantanwar da Ke Haihuwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya halicci na tudu da na ruwa, har da waɗanda ba mu san sunansu ba.

Sunana Nana. Karatuna bai yi nisa ba, don haka wanda ya ga gyara ya gyara. Labarin Tabitha zan rubuta, wadda duk layinmu ke kira Maman Kevin. Shekara goma sha tara muka yi ni da ita muna zaune a bakin buhu ɗaya.

A bayan kasuwar Samaru akwai injin Alhaji Uba, inda ake niƙa abincin kaji. Kaza mai ƙwai tana buƙatar abin da zai ƙarfafa ɓawon ƙwanta, in ba haka ba sai ta riƙa sako shi laɓo-laɓo. Shi ya sa manyan motoci ke kawo buhunan ƙwanson katantanwa da na kumba daga kudu, daga bakin teku, a niƙa a haɗa da masara da dusa. Amma buhun ba ya zuwa da ƙwanso kaɗai. Akwai ƙusa a ciki, da tsakuwa, da ƙugiyar kamun kifi, da fasasshiyar kwalba. Ƙusa ɗaya ta isa ta karya haƙorin inji. Aikinmu shi ne mu zazzage buhu a kan leda mu tsince. Na fara aikin ne bayan na fita takabar mijina Malam, Allah Ya jiƙansa. A can na tarar da ita.

An haife ta a wani ƙauye can gaba da Kachia. Aure ne ya kawo ta Samaru, mijinta Toma yana gadi a wata gonar gwaji. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta. Ba ta yi boko ba. Littafin addininta kaɗai take iya karantawa, shi ma da yatsa a kan layi. Teku kuwa ba ta taɓa ganinsa ba, har yau. Ruwa mafi girma da ta gani shi ne kogin Kaduna, ta tagar mota.

Mu sauran mata in mun zazzage buhu ƙusa muke nema. Ita tana neman ƙusa, tana kuma neman baƙo. Duk ƙwanson da bai yi kama da 'yan uwansa ba sai ta goge shi da bakin zani ta jefa a aljihun da ta ɗinka don haka. Alhaji Uba ya taɓa kama ta.

Ya ce, “Maman Kevin, kina rage min awo fa.”

Ta ce, “Alhaji, kajinka ba su san bambancin wannan da wancan ba. Ni na sani. Ka bar wa wanda ya sani.”

Ya yi dariya ya wuce. Bai ƙara magana ba.

A gida a kiret ɗin ƙwai take jera su, ta tura ƙarƙashin gado. Ba jeri na kwalliya ba, a'a, gida-gida take raba su, kamar yadda tsofaffi ke duba zanen fuska su ce wannan ɗan gidan wane ne. Masu ɓari biyu irin kumba suna gefe guda. Masu murɗewa suna wani gefen. A cikin masu murɗewar ta sake rabawa: akwai masu baki zagaye kamar bakin tulu, akwai waɗanda bakinsu ke da tsaga a ƙasa kamar bakin buta. Ta daɗe tana tambayar direbobin da ke kawo kaya amfanin tsagar, suna cewa su kaya kawai suka ɗauko. Sai da aka yi wani wanda ubansa masunci ne, ya ce mata ta nan dabbar ke fito da wani bututu tana shaƙar warin abin da za ta kama, kuma yawancin masu tsaga nama suke ci, masu baki zagaye kuwa gansakuka suke kankara a jikin dutse. Ran nan Tabitha ta manta da abincin rana. Daga baya ta lura wasu suna da tudu-tudu a cikin baki, kamar kunyoyin gona, sai ta fara ƙirga su ma. Ita ce ta nuna min cewa in ka riƙe katantanwa tsininta sama, kusan dukkansu bakinsu ta hannun dama yake buɗewa. Shekara nawa ina taɓa su ban gani ba.

Toma yakan ce, “Matan mutane suna kiwon akuya, tawa tana kiwon gidan da mai shi ya mutu.”

Ita kuma ta ce, “Nawa ba sa cin dusa, ba sa shiga gonar kowa.”

Wata Asabar cikin damina, shekara goma sha biyar ke nan, saƙo ya zo daga kasuwar Sabon Gari. Akwai wata Oluoma mai sayar da kifin ƙanƙara, ta san halin Tabitha domin cocinsu ɗaya. Ta ce ta buɗe kwalin kifi ta ga wani abu, Tabitha ta zo ta gani kafin ta yar. Tabitha ta ja ni muka hau bas.

Abin yana cikin roba, ƙanƙara tana narkewa a jikinsa. Ƙwanson ya kai ƙoƙon shan fura, santsi gare shi, launinsa kamar na shayi da madara, bakinsa wangame. Amma naman ya fi ƙwanson. Ya tumbatso waje kamar ƙullin da ya kumbura ya fi ƙarfin kwano, ko da ransa ba zai iya shigewa ciki duka ba. Ba shi da murfin nan da wasu ke rufe ƙofarsu da shi. Tabitha ta juya shi, ta sa yatsa a tsagar bakin.

Ta ce, “Mai cin nama ne.” Ta ƙara tura yatsa ciki. “Kunya uku.”

Oluoma ta ce, “Ni dai ku ɗauke min shi, masu sayen kifi suna gudu.”

Tabitha ta karɓi wuƙar Oluoma. Ƙwanson take so, don haka ta fara yanke naman, wato ƙafar da dabbar ke tafiya a kai. Wuƙar ta yi ƙaras a kan wani abu. Ta tsaya, ta buɗa wurin da yatsu. Sai ga wata 'yar jaka a cikin naman, a cikin jakar kuma ƙananan katantanwa a jere, kowace kamar kan babban yatsana, kowace da ƙwansonta da ɗan namanta. Muka fito da su ɗaya-ɗaya a kan faranti. Goma sha ɗaya.

Na ce Subhanallah. Tabitha ta ce a hankali, “Ashe mai ciki ce.”

Ga kuskuren da muka yi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Nama ne mai yawa, ga shi da kyau, ba ya wari. Oluoma ta ce a garinsu ana ci. Ni kuma a Islamiyya an koya mana abin da ya fito daga teku halal ne. Muka yanka shi gutsi-gutsi, aka yi farfesu a bayan rumfa da attarugu da citta. Ya yi tauri kamar ganda, amma mun cinye shi tas. Babu wadda ta yi tunanin wata rana za a ce mu kawo shi. Tabitha ta wanke uwar da 'ya'yan ta shanya. Uwar ta naɗe a ɗankwali, 'ya'yan ta zuba a gwangwanin madara da auduga. Kevin ya taka ɗaya yana yaro, suka koma goma.

Autarta, Hephzibah, wadda muke kira Ziba, a cikin waɗannan kiret ɗin ta girma. Ita ce ta yi kwalejin horon malamai, ta karanta ilimin halittu. Ta gama ta zauna shekara biyu ba aiki, tana taya mu tsintar ƙusa da takardar shaidarta a akwati. Bara waccan, wato shekara biyu da suka wuce, aka ɗauke ta a wata makarantar kuɗi a Hanwa. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Aka ce gwaji ne na zango ɗaya, in ta yi kyau a ba ta takardar tabbatar da aiki.

A mako na shida ta zo kan darasin katantanwa da danginta. Littafin aji ya ce ƙwai suke yi. Ziba ta faɗa wa yara haka, sannan ta ƙara da cewa ba duka ba, akwai wata babba a teku da ke riƙe 'ya'yanta a jikinta har su yi ƙwanso ta sake su, kuma mahaifiyarta ta gani da idonta. Yara suka kai magana gida. Wani uba ya kira makaranta ya ce ana koya wa ɗansa tatsuniya. Shugaban sashen kimiyya, wani Malam Muntasir, ya kira Ziba. Ta nuna masa a waya cewa masana sun rubuta akwai irin wannan. Ya ce waya ba ta cikin manhaja, kuma ko da akwai, ina ruwan wata mai tsintar shara a injin kaji da shi? Ya ce ran Litinin ta tsaya gaban ajin ta ce labarin uwarta almara ne, a share. In ba haka ba, ba zai sa hannu a takardarta ba.

Ran Juma'a da yamma ina gidansu ina taya Tabitha gyaran wake Ziba ta shigo ta faɗa.

Ta ce, “Mama, magana ce ta minti ɗaya. In faɗa a wuce wurin. Ni na san gaskiya, ke kin sani.”

Tabitha ba ta ɗago ba. Ta ce, “Yara nawa ne a ajin?”

“Arba'in da biyu.”

“Mutum arba'in da biyu za ki gaya wa uwarki maƙaryaciya ce.”

“Ba haka zan ce ba.”

“To yaya ake cewa da Turanci?”

Toma daga kan tabarmarsa ya ce, “Ke za ki kori yarinyar nan daga aiki da bakinki. Shekara biyu tana zaune. Katantanwa ce za ta ciyar da ita?”

Ni ma na sa baki, gaskiya. Na ce ta yi haƙuri, mai neman abu ba ya ɗaga murya, kuma Allah Ya san abin da muka gani.

Tabitha ta ajiye faifan ta dube ni. “Nana, kin ci farfesun nan ko ba ki ci ba?”

Na ce na ci.

“To ran Litinin ki sa hijabinki mai kyau.”

Oluoma ta riga ta koma garinsu tun tuni, ni kaɗai na rage mata.

Ran Litinin muka sauka a Kwangila muka ƙarasa da ƙafa, Tabitha da ƙunshin ɗankwali a hammata, gwangwani a hannu, da wata ledar daban. Ziba tana bayanmu kamar wadda ake rakawa asibiti. Mai gadi ya ce iyaye ba sa shiga sai da izini. Tabitha ta ce ita ba iyayen ɗalibi ba ce, iyayen malama ce, ta wuce.

Shugabar makarantar, Hajiya Bilkisu, mace ce mai sanyin magana. Ta ba mu kujeru ta aika a kira Malam Muntasir. Ya shigo da alli a hannu, dogo, bai wuce sa'an Kevin da yawa ba. Ya gaishe mu da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, “Mama, ba raini ba ne. Yaran nan jarrabawa za su rubuta. Wanda zai duba takardarsu bai san ki ba.”

Ta ce, “Ni ma ban san shi ba. Kai na sani, kai ka ce tatsuniya na yi.”

Ta kwance ɗankwalin ta ɗora uwar a tebur, ta zazzage gwangwanin a gefe. Hajiya Bilkisu ta gyara tabarau. Malam Muntasir ya ɗauki ƙarama ɗaya ya jujjuya.

Ya ce, “Irin waɗannan ai cike suke a buhunanku. Ƙananan katantanwar bakin ruwa ne, waɗanda ake sawa a miya.”

“Na san za ka faɗa.” Ta buɗe ledar nan ta zubo masa na buhun, masu tsini da ƙaiƙayi. “Ga na miya. Ɗora su kusa. Ɗana, ko kazar Alhaji Uba za ta yi jinkiri kafin ta ce ɗaya ne.”

Hajiya ta rufe baki da mayafi.

Sai Tabitha ta juya uwar ta nuna masa can saman, inda murɗin ya fara. Akwai wani ƙullutu a wurin, mai santsi, ita cibiya take ce masa. Ta ce katantanwa ba ta sauya gida kamar ɗan haya. Ɗakin da aka haife ta da shi shi take ta ƙara wa gini a baki har ta tsufa, kuma ɗakin farkon yana nan a samanta ba ya zuwa ko'ina. Ta ɗauki ɗiya ɗaya ta kara ta a jikin cibiyar. Girmansu ɗaya. Murɗinsu ɗaya. Kamar an cire wannan daga wancan.

Ta ce, “Sa yatsa a bakin uwar. Kunya nawa?”

Ya sa. “Uku.”

“Ɗauki ƙaramar ka duba a haske.”

Ya je bakin taga ya daɗe. Ya dawo ya ce, “Uku. To, na yarda iri ɗaya ne. Amma wannan bai nuna haihuwa ba. Ke da kanki kin ce mai cin nama ce. Wataƙila haɗiye su ta yi.”

Ni kaina na ga maganar ta yi kama da ta mai hankali.

Tabitha ta ce, “Hanjinta yana can cikin ƙwanso, na fito da shi da hannuna na yar. Waɗannan a ƙafa na same su, cikin jaka, goma sha ɗaya, kansu ɗaya, ba wanda aka taɓa ko gefensa. Malam, kai in ka ci gyaɗa a tafin ƙafarka take taruwa?”

Wannan karon Hajiya ba ta iya riƙe dariyar ba. Shi bai yi ba. Ya ce, “Ina naman? A kimiyya abin da aka ajiye shi ne shaida.”

Tabitha ta dube ni, na dube ta.

Ta ce, “Mun cinye.”

“Kun cinye.”

“Da attarugu. Wani kaso na shaidar yana cikina, wani yana cikin wannan baiwar Allah. Tambaye ta.”

Ya juyo gare ni. Ya ce, “Gwaggo, ke da kika san girman rantsuwa, za ki iya rantsewa?”

Na ce, “Ba na rantsuwa a kan abin da na gani, ɗana. Ni na riƙe farantin. Ni na ƙirga.”

Ana jin yara suna maimaita karatu a wani aji. Ziba tana tsaye jikin bango.

Tabitha ta tashi tsaye, ko da yake tsayuwarta da zamanta kusan ɗaya ne. Ta ce, “Hajiya, ku koya wa yara abin da zai ba su maki, ban hana ba. Kaza ma ƙwai take yi, ban yi musu ba. In kuna so ku sallami yarinyar nan ku sallame ta, buhu yana jiran ta, ba ta mutu ba da can. Amma ba za ta tsaya gaban 'ya'yan mutane ta ce abin da uwarta ta gani ba a yi shi ba. Wanda ya rubuta littafinku bai ƙarasa teku ba, ni kuma teku ya biyo ni har Sabon Gari.”

Hajiya Bilkisu ta ɗauki uwar ta daɗe tana shafa cibiyar da yatsa. Sannan ta ce a jarrabawa yara su rubuta abin da littafi ya ce, Ziba kuma ta gaya musu yawanci ƙwai ne, kaɗan kuma ba haka ba. Ta ce maganar tsayawa gaban aji a bar ta. Batun takarda kuwa a hannunta yake, ba a hannun kowa ba, za ta duba a ƙarshen zango.

Malam Muntasir bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Muna tattara kaya ya ce, “Mama, da za ki bar mana wannan a ɗakin gwaje-gwaje. A nan ya fi amfani.”

Ta ci gaba da naɗe ɗankwalinta. Ta ce, “Kayan mai tsintar shara ne, kada su ɓata muku ɗaki. Mai son gani ya zo Samaru, bayan injin kaji, gida mai jan ƙyaure.”

Makonni bakwai muka yi ba mu san matsayin Ziba ba. Toma ya daina yi wa matarsa magana sai ta bakin yara. Ita ko a jikinta, aƙalla a gaban mutane. Ni da nake zaune kusa da ita na ga ƙusa biyu sun wuce ta a mako ɗaya, abin da ban taɓa gani ba, na tsince ban ce komai ba. Ranar da aka rufe makaranta Ziba ta dawo da takarda mai hatimi. Tabitha ta sa aka karanta mata sau biyu, ta ce, “To,” ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu idonta ya yi rauni, ta bar aikin inji tun bara. Amma in ka sa mata ƙwanso a hannu za ta shafa bakin, ta ƙirga kunyoyin, ta gaya maka gidansu. Ɗaliban Ziba sukan zo ran Asabar su uku su huɗu, ta fito musu da kiret-kiret tana yi musu faɗa kada su danna da ƙarfi.

Ashe Malam Muntasir ma yana kiwon kaji, kuma a wurin Alhaji Uba yake sayen abinci. Yakan same ta zaune a inuwar injin tana taya ni hira. Ya gaishe ta, ta amsa, ta ce, “Malam, jan ƙyauren yana nan.” Ya ce sai wani zuwan. Har yau bai shiga ba. Ita kuma ta fito da gwangwanin daga ƙarƙashin gado ta ajiye shi a kan taga kusa da ƙofa, ta ce tsugunawa tana yi mata wuya yanzu, kada ranar da ya zo ta sa shi jira.

Abin da na gani ke nan na rubuta. Inda na rage ko na ƙara, Allah Ya yafe min.